Daga Alabar zuwa Kano da wat 5: abin da waya mai tsawon mita 20 ke iya yi ranar da intanet ta ɗauke

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, kwanaki kaɗan da kama azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar yammacin Afirka. Ghana na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, kuma hukumar sadarwar ƙasar, NCA, ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. A Alabar, unguwar 'yan kasuwa da 'yan canji da ke gab da babbar kasuwar Kumasi, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Mutanen wurin na da dangi da abokan hulɗa a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Yamai, zumuncin da ya samo asali tun zamanin fatauci zuwa Gwanja, kuma yau kusan dukkansa ya rataya ne a kan saƙon WhatsApp.

Akwai wata hanyar sadarwa da ba ruwanta da wayar teku, ba ruwanta da turakun kamfanonin salula, ba ta ma bukatar wutar ECG. Ita ce rediyon 'yan sha'awa, waɗanda masu jin Faransanci suka sani da radioamateurs: mutanen da gwamnati ke bai wa lasisi su yi magana da junansu a kan gajeren zango, don koyo da gwaji, ba don neman kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta ne a Paris ranar 18 ga Afrilun 1925. A cikinsu akwai wani rukuni da ya ɗora wa kansa sharaɗi, cewa ba zai wuce wat 5 ba, ko wat 10 idan da murya ne. Suna kiran wannan salo QRP, wata tsohuwar alama ta masu buga tangaraho da ke nufin a rage ƙarfi.

Wat 5 bai kai abin da ƙwan fitilar ɗaki ke ci ba. Tashar da BBC ke harbo shirye-shirye da ita daga tsibirin Ascension, da ta Issoudun a Faransa da RFI ke amfani da ita, ana lissafin ƙarfinsu ne da ɗaruruwan kilowat. Duk da haka wat 5 na iya tashi daga Kumasi ya sauka Kano, har ma Turai. Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne eriya, da inda aka rataye ta, da sa'ar da aka zaɓa. Akwatin rediyon ya zo daga baya.

Lissafin da ke bayan ƙaramin ƙarfi

Rediyon da akasarin 'yan sha'awa ke ajiyewa a gida wat 100 ne, ninki 20 ke nan na wat 5. Sai dai kunne da na'urar karɓa ba haka suke auna abu ba. A fuskar rediyon akwai ma'aunin ƙarfin sigina mai ɗigo 1 zuwa 9, kuma kafin allura ta motsa ɗigo ɗaya sai an ninka ƙarfi sau huɗu. Saboda haka wanda ake ji a ɗigo 9 da wat 100, in ya sauko wat 5 za a ji shi a wajen ɗigo 7. Hira ba za ta tsaya ba, muddin hayaniyar da ke wurin mai saurare ba ta kai nan ba.

Ribar tana wajen batir. Rediyo mai wat 100 na jan kusan amfiya 20 lokacin magana. Ƙarami irin Yaesu FT-817 na jan kusan amfiya 2 yayin magana, ƙasa da rabin amfiya yayin saurare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin wanda ake samu cikin akwatin ajiyar wutar kwamfuta, zai riƙe shi awa huɗu zuwa biyar ba tare da an ƙwaƙule shi ba, kuma ƙaramin faifan sola zai mayar masa da abin da ya ci. Akwai Icom IC-705 da Elecraft KX2 ga mai hali, akwai kuma masu sauƙi da ake sayarwa a warwatse mutum ya harhaɗa da kansa, irin su QMX na kamfanin QRP Labs da uBITX da ake yi a Hyderabad ta Indiya. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya haɗa su.

Amma mai wat 5 ba shi da rarar da zai yi asara da ita. Mai wat 100 da muguwar eriya zai iya zubar da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa a ci gaba da jin sa. Mai wat 5 in ya yi haka, ya koma kusan wat 1.

Yadda murya ke yada zango

Kalmar Zongo da ake kiran unguwannin Hausawa da ita a Ghana ita ce zango, wurin da ayari ke sauka kafin ya ci gaba. Siginar rediyo ma haka take tafiya. Ba ta bin bayan ƙasa zuwa Kano. Sama take haurawa, zuwa wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki da hasken rana ke haifarwa, wanda masana ke kira ayonosfiya. A tsayin kilomita 250 zuwa 400 wannan rufi kan lanƙwaso ta ya maido ƙasa. Tsalle ɗaya na iya kai kilomita 4,000, kuma tana iya dukan ƙasa ta sake tashi. Daga Kumasi zuwa Yamai, in aka miƙe, kusan kilomita 860 ne, zuwa Maraɗi kusan 1,200, zuwa Kano kusan 1,260. Duk tsalle ɗaya ne. Paris, mai nisan kusan kilomita 4,700, galibi tsalle biyu.

Matsalar ita ce rufin ba ya zama yadda yake. Da rana wani ɓangare nasa na ƙasa-ƙasa, mai tsayin kilomita 60 zuwa 90, yakan shanye siginar mita 80 da ta mita 40 in tafiyar da nisa. Rana na faɗuwa sai ya watse, hanya ta buɗe. Su kuwa mita 15 da mita 10 sai da rana suke aiki sosai, dare na yi su rufe. Mita 20 na tsakiya, shi ya sa ta fi kowace cika. Duk dattijon da ya girma da sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya san wannan ko da bai karanta ba: da sassafe ana neman tasha a mita 41 ko 31, da rana a koma mita 16 ko 19. Layin 'yan sha'awa na mita 40, daga megahaz 7 zuwa 7.2, maƙwabcin mita 41 ne na gidajen rediyo, katanga ɗaya ta raba su.

A kan wannan kuma akwai zagayen rana na shekara 11. Wanda ake ciki, na 25, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. A irin waɗannan shekaru mita 10 da 15 na buɗewa sosai, musamman a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kamar Ghana. Yayin da zagayen ke sauka, aiki zai riƙa komawa kan mita 20 da 40.

Wannan shi ne dalilin neman eriya mai ɗaukar layuka da yawa. Wanda ke da layi ɗaya kamar mai shago ne da ke buɗewa awa uku a rana.

Tsawon waya

Eriya tana son tsawon da ya dace da siginar da za ta harba, kuma mafi sauƙi shi ne rabin tsawon siginar. Lissafin bai da wuya: a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon waya a mita. Ga megahaz 7.1 zai ba da mita 20 da 'yan santimita. Ga megahaz 14.2, mita 10.

A nan ne wani dace ya shigo. Tsofaffin layukan 'yan sha'awa an tsara su ne a ninke: 7, 14, 21, 28. Wayar da ta yi rabin tsawo a megahaz 7 za ta yi cikakken tsawo a 14, ɗaya da rabi a 21, biyu a 28. Idan aka shigar mata da wuta ta bakinta ɗaya, maimakon ta tsakiya, za ta karɓi dukkan huɗun. Waya ɗaya mai mita 20, layi huɗu, ba sai an sauke an sauya komai ba. Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin jiragen Zeppelin na Jamus da ke sako waya daga sama. Shi kansa Marconi, da ya karɓi siginar farko da ta ƙetare tekun Atlantika a Disambar 1901, da waya ya yi, wadda ya ɗaga sama da abin wasan yara mai tashi da iska.

Sai dai bakin waya na da tauri. Rediyo an gina shi ne don ya tura wuta cikin kaya mai om 50, bakin wayar kuwa yana da om 2,000 zuwa 3,000. Ana sasanta su da ƙaramar taransifoma da ake kira 49:1. Zobe ne na ferayit, nau'i na 43, wanda ake naɗa wa wayar jan ƙarfe mai fenti, irin wadda masu gyaran mota da fanka ke naɗin koyil da ita a Suame Magazine: zagaye 2 a gefen rediyo, zagaye 14 a gefen eriya, ko 3 da 21. Bakwai sau bakwai 49, kuma 49 sau 50 ya ba da 2,450. Mutane da dama na ƙara ƙaramin kafasita mai fikofarad 100 a gefen rediyo don a sami sauƙi a mita 10. Ga wat 5, zobe mai lamba FT140-43 ya wadatar, kuma duk kayan za su shiga gwangwanin da bai fi na sabulu ba.

Zoben shi ne abin da ba a yi wa kwaskwarima. Irin wanda ake cirowa daga matattun akwatunan wutar kwamfuta, mai launin rawaya da fari, garin ƙarfe ne da aka yi don wani aiki daban. Zai yi zafi ya cinye siginar, alhali ma'auni na nuna komai lafiya. Ita kuwa wayar eriyar ba ta da zaɓe. Siririyar wayar wutar gida mai roba, ko wayar lasifika da aka tsaga biyu, duk za su yi. Abin lura kawai, mai rufin roba takan bukaci a rage mata tsawo kaɗan.

Wannan eriya ba ta ɗaukar mita 30 da 17 da 12, layukan da aka ƙara wa 'yan sha'awa a taron duniya na 1979, domin ba su faɗa cikin ninkin ba. Taransifomar ma tana cin nata kaso. Wanda ke son ya tsira da kowane ɗigon wuta yakan zaɓi mai hannu biyu da ake ciyarwa ta tsakiya, a yanka kowane hannu gaɓa-gaɓa da maƙalai. In ana son mita 20 a cire maƙalin da ke mita 5 daga tsakiya, in ana son mita 40 a mayar. Ta fi kowace tsafta wajen aiki, amma duk sauyin layi sai an sauke ta, kuma tana son sanda a tsakiya da fili ta ɓangare biyu.

Akwai kuma sandar ƙarfe mai zugewa, mai tsawon mita 5, wadda ke tsayawa a tsaye. A mita 20 tana aiki da kyau in an shimfiɗa mata wayoyi uku ko huɗu a ƙasa, domin su ne rabinta na biyu. A mita 40 sai an sa mata koyil, kuma nan asara ke farawa. Gajerun nan masu tsawon hannu da ake tallatawa cewa suna ɗaukar kowane layi, gaskiya ne suna ɗauka, amma a mita 40 mafi yawan wutar zafi take zama. Eriyar da'ira, mai faɗin kamar mita ɗaya, tana shiga baranda kuma tana rage hayaniya, sai dai ko ɗan motsawa aka yi a kan layi sai an sake juya ta, ga shi ko da wat 5 tana tara ɗaruruwan bolt a jikin kafasitarta.

Tsayi shi ke zaɓar wanda zai ji

Waya ɗaya, wuri ɗaya, amma tsayin da aka rataye ta shi ke faɗin inda muryar za ta sauka. Idan wayar mita 40 na kwance a tsayin mita 3 zuwa 6, siginar takan miƙe sama kusan tsaye ta zubo kamar ruwan sama a kewayen kilomita 400 zuwa 500. Daga Kumasi wannan ya haɗa Accra da Takoradi da Sunyani da Tamale, ba tare da tudu ko daji ya tare ba. Ranar ambaliya ko gobara, wannan ita ce shimfiɗar da ake bukata. In kuwa Kano ko Maraɗi ake nema, siginar na son ta tashi a karkace, kusan digiri 20 zuwa 25. Sai a ɗaga tsakiyar wayar ko bakinta ɗaya zuwa mita 8 ko 10 da sandar kamun kifi ko doguwar gora, a gwada mita 40 da asuba ko bayan magariba, mita 20 kuwa da hantsi zuwa la'asar.

Wani abu da ke rikita sabon shiga shi ne, a mita 20 sau da yawa mutumin Paris zai ji shi rangaɗau, na Accra mai nisan kilomita 200 bai ji komai ba. Eriyar ba ta lalace ba. Siginar ta tsallake kansa ne.

Abin da ya sa ake naɗe ta a jaka

A Turai da Amurka, masu fita da eriyar tafi-da-gidanka galibi nishaɗi suke nema, hawan duwatsu da zaman gandun daji. A unguwa irin Alabar larura ce. Gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya ba shi da filin mita 20, kuma maigida ba lallai ya yarda a kafa sanda ta dindindin ba. Rufin kwano ma na da nasa hali: wayar da ke kwance dab da shi takan sauya tsawon da take so, ta kuma tura siginar sama. Ana so a ɗaga ta aƙalla mita 2 ko 3 daga kwanon. Wayar ba dole ta miƙe sak ba. Za a iya lanƙwasa ta kamar kusurwar ɗaki, ko a gangaro da ita daga saman bene zuwa katanga, in dai ba a naɗe ta a kan kanta ba.

Babbar damuwa ita ce hayaniyar lantarki. Cajar salula mai arha, ƙwan LED, inbata, na'urar sola, talabijin, injin walda, kowanne na fesa ƙara a kan gajeren zango, kuma kasuwa cike take da su. A irin wannan wuri ba abin mamaki ba ne allura ta tsaya a ɗigo 8 ko 9 a mita 40 ba tare da kowa na magana ba. Hayaniyar ba ta rage ƙarfin abin da mutum ya aika, kunnensa take toshewa. Sai ya yi ta kira, ana amsa masa daga Italiya, shi bai sani ba. A shekarun dumsor, tsakanin 2012 da 2016, ɗaukewar wuta kan kawo wa mai sauraron gajeren zango ɗan shiru, na 'yan mintoci, kafin janareto da inbata su tashi.

Gwajin ba ya bukatar lasisi ko kuɗi. A kunna rediyo mai batir a mita 41, a wurin da babu tasha, a kashe babban makunnin wutar gida. In ƙarar ta faɗi, ɓarawon na cikin gida, kuma za a iya kama shi ta hanyar kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. In ba ta faɗi ba, ta maƙwabta ce, kuma maganinta ɗaukar jaka. Filin makaranta a bayan gari, gona a hanyar Ejisu ko Mampong, ko tuddan da suka kewaye tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 daga Kumasi, za su iya sauko da hayaniyar da ɗigo biyar ko shida. Babu na'urar ƙara ƙarfi da za ta bai wa mutum irin wannan riba. Ana jefa igiya mai ɗaure da gorar ruwa a kan reshen bishiya, a ja wayar sama, a ɗaure ɗaya bakin da igiyar roba. Wanda ya saba ba ya wuce minti goma.

Kebul ɗin da ke haɗa rediyo da eriya shi ma a taƙaita shi. Mita 30 na RG-58 a layin mita 10 na iya mayar da wat 5 zuwa wajen wat 3 tun kafin ya isa eriya. Mita 5 zuwa 10 sun isa. Kebul ɗin dish da ake samu ko'ina a kasuwa om 75 ne, ba 50 ba, amma bambancin bai kai ya hana aiki ba, kuma ga eriya mai hannu biyu ya ma yi daidai. Wahalarsa kawai sulkensa na alminiyam ne, ba ya kama dalma, sai da kan da ake murɗawa.

Hatsari uku ne ba a wasa da su. Na farko wayoyin wutar lantarki da ke ratsa lunguna, wasu masu bolt 11,000. Ba a jefa waya ta samansu ko ta ƙarƙashinsu, kuma ba a kafa sanda a inda in ta faɗi za ta taɓa su. Sandar kamun kifi baƙa ta kabon tana ɗaukar wuta, ta zaren gilashi ce ba ta ɗauka. Na biyu aradu: Kumasi na da damina biyu, daga wajen Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, kuma da an ji rugugin hadari sai a cire kebul a sauke waya. Na uku bakin eriyar kanta, wanda ko da wat 5 yana ɗauke da fiye da bolt 100, abin da ya isa ya ƙona yatsan yaro. A lokacin hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura na tara wa doguwar waya lantarki har ta yi tartsatsi, don haka a taɓa ta da ƙasa kafin a jona.

Yanka da awo

Ba a yanka waya daidai da lissafi tun farko. A bar mata rarar rabin mita, a rataye ta yadda za a yi aiki da ita, sannan a auna. Abin da ake aunawa ana kiransa SWR, wato yawan wutar da ke dawowa baya saboda rashin daidaito. A 1.5 kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, a 2 kashi 11, a 3 kashi 25. Duk abin da bai wuce 2 ba ya yi, kuma ɓata yini wajen neman 1 cif aikin banza ne. Ƙaramar na'urar NanoVNA, mai girman salula, tana zana wa mutum inda wayar ta fi daidaita. In wurin ya faɗi ƙasa da megahaz 7, wayar ta yi tsawo. A lanƙwasa bakin a naɗe shi a jikinta santimita 10 a lokaci guda, kada a yi saurin sa almakashi, domin gobe a wani fili za ta iya neman abin da aka yanke.

Kyawun SWR ba shaidar kyawun eriya ba ne. Ana iya samun 1 cif da abin da ba ya harba komai. Akwatin daidaitawa ma rediyo yake faranta wa rai, ba ya mayar da gajeriyar waya doguwa. Shaidar gaskiya ita ce wa ya ji. Shafuka irin PSKReporter da Reverse Beacon Network na nuna taswirar tashoshin da suka kama siginar mutum, kuma jami'ar Twente ta Holand na da rediyon da kowa ke iya saurara ta intanet.

Salon magana ma na da tasiri. Murya ita ce mafi tsada, domin tana baje wat 5 a kan fili mai faɗi. Buga Mos na tattara shi wuri guda, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke taruwa a megahaz 14.060 da 7.030. A 2017 Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fizik a 1993, tare da Steve Franke suka fito da FT8, inda kwamfuta ke aika gajeren saƙo duk daƙiƙa 15 ta kuma tsamo siginar da kunne ba ya ji. Da shi wat 5 na zagaya duniya, amma saƙon da mutum zai rubuta da kansa bai wuce harafi 13 ba. Ko cikakkiyar sallama ba za ta shiga ba.

Doka, da kuma wa zai amsa

Saurare kyauta ne, magana kuwa sai da izini. A Ghana dokar sadarwar lantarki ta 2008, mai lamba 775, ta ɗora rabon layukan rediyo a hannun NCA, wadda ke da ofishi a Kumasi. Wanda ya sami lasisi ana ba shi lambar kira mai farawa da 9G. Ta Najeriya 5N ce, ta Nijar 5U, inda hukumar ARCEP ke kula da fannin, Burkina Faso XT, Togo 5V, Benin TY. Lasisin Ghana ba ya aiki da kansa a Maraɗi ko Kano, sai an nemi izinin ƙasar. A yankunan da ake fama da 'yan bindiga kuwa, jami'an tsaro na kallon duk na'urar sadarwa da idon zargi, kuma mutumin da aka gani a daji da waya a kan bishiya babu takarda a aljihu ya jefa kansa cikin abin da ya fi tara. Inda hukuma ta rufe sadarwa da gangan, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, lasisin sha'awa ba ƙofar baya ba ce.

Akwai kuma sharaɗin da zai sanyaya gwiwar wasu a Alabar. Dokokin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun hana amfani da waɗannan layuka don kasuwanci, sun hana ɓoye ma'anar saƙo, kuma duk abin da aka faɗa kowa na ji. Ba a tambayar farashin goro, ba a faɗin yadda sefa ta kwana a kan sidi. Isar da saƙon wani zuwa wata ƙasa ma an taƙaita shi ga lokacin bala'i da agaji, sai in ƙasashen sun amince da fiye da haka. A irin wannan lokaci ne aka ga amfanin 'yan sha'awa a girgizar ƙasar Nepal ta 2015 da ta Turkiyya ta 2023. IARU ta ware wuraren haɗuwa na gaggawa ga yankin da ya haɗa Afirka da Turai, ciki har da megahaz 3.760 da 7.110 da 14.300.

Ƙarancin masu lasisi a yammacin Afirka na da fuska biyu. Lambar 9G abin nema ce a Turai da Japan da Amurka, har ƙungiyoyi kan yi takakkiya zuwa Ghana don kawai su yi kira daga can, saboda haka mai wat 5 daga Kumasi ba zai rasa masu rububin amsa masa ba. Amma samun wanda zai amsa daga Kano ko Damagaram ko Yamai ya fi wuya nesa ba kusa ba, ko da yake hanyar ta fi gajarta. Ilimin dai akwai shi a yankin. A 2017 injiniyoyin jami'ar All Nations da ke Koforidua suka ga tauraronsu, GhanaSat-1, ya shiga falaki tare da na jami'ar fasaha ta Akure a Najeriya, kuma a kan layukan 'yan sha'awa suka riƙa magana da ƙasa. Kumasi na da jami'ar KNUST, ga dubban masu aikin hannu a Suame. Hanyar Kumasi zuwa Kano a mita 40 na bukatar mutum biyu masu lasisi, waya biyu masu mita 20, da sa'a guda da suka yi alkawarin haɗuwa a kowane mako, tun kafin ranar da wayar teku za ta sake tsinkewa.